Da gaske tsofaffinmu na zango ba su iya karatu ba?

An daɗe ana cewa a zangon Kumasi karatu ya shigo ne tare da makarantar boko, wai kakanninmu ba su san baƙi ba. Ba laifin mai faɗar haka ba ne. Ya saba ganin tsoho a ofis ana kama yatsansa a dangwala a takarda don bai iya Turanci ba.

Amma tun farkon shekarun 1800 akwai malamai Musulmi a Kumasi da ke rubuta wa Sarkin Asante wasiƙu da Larabci. Fataken goro kuwa, masu bin hanyar Salaga zuwa Kano, da ajami suke aika saƙo gida, wato Hausa da haruffan Larabci. Da shi ake rubuta waƙoƙin wa'azi da lissafin bashi, har da sunayen magunguna. Harafi ne ya canza, allo da takarda kuma suka koma fuskar waya.

Kana iya tabbatarwa da kanka. Roƙi Baba Alhaji ya buɗe maka tsohuwar gafakarsa, ka ga takardun da suka sha tawada da alƙalamin kara. Miƙa masa ɗaya ka ji yadda zai zuba karatu. Kai kuwa wataƙila sai kame-kame.

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.