Waiwaye: Yadda duniyoyi ke asarar iskar da ta lulluɓe su

Balan-balan ɗin da ake hura wa iskar hiliyom a wurin biki a Agege, da zarar ya fashe, iskar cikinsa sai ta bi sauran iska, a hankali har ta kai ƙololuwa ta fice. An ƙiyasta cewa duk daƙiƙa ɗaya Duniyarmu tana asarar kimanin kilo 3 na haidurojin da giram 50 na hiliyom.

A 1898 George Johnstone Stoney, wani masani ɗan Ailan, ya yi bayanin dalilin da ya sa Wata ba shi da iska, daga baya James Jeans na Ingila ya tsara lissafin. A can sama, wajen kilomita 500, iska ta yi ƙaranci har ƙwayarta kan yi doguwar tafiya ba ta yi karo da wata ba. Duk wadda gudunta ya kai kilomita 11.2 a daƙiƙa, ta tafi ke nan. A duniyar Mas kilomita 5 sun isa, a Wata 2.4. Ƙwayoyi marasa nauyi su suka fi gudu, shi ya sa haidurojin ke riga kowa fita.

Amma zafi kaɗai bai isa ya fitar da iska mai nauyi ba. A 1958 Eugene Parker ya ce Rana tana feso ƙwayoyi masu cajin lantarki ba dare ba rana, kumbon Mariner 2 kuma ya tabbatar da haka a 1962. Waɗannan ƙwayoyi kan kwashe har iska mai nauyi daga saman duniyoyi.

Darasi mafi tayar da hankali daga Zara matar wata ya fito, wato duniyar Binus. Awon da kumbon Pioneer ya yi a 1978 ya nuna cewa kason haidurojin mai nauyi a can ya ninka na Duniya fiye da sau 100. Mara nauyin ya gudu, mai nauyin ya rage, kamar tsakuwa a gindin rariya. Tururin ruwa ne ya hau sama, hasken Rana ya farfasa shi, haidurojin ya tsere. To me ya hana tekun da ke gaban Legas bin wannan hanya? Tururin da ke tashi daga gare shi, in ya kai tsayin kilomita 16 zuwa 17, sai ya tarar da sanyin da ya kai wajen digiri 80 ƙasa da sifili. Nan yake daskarewa ya dawo. Wannan shingen sanyi shi ke tsare mana ruwa, kuma ba a cika ba shi haƙƙinsa ba.

A 2003 madubin hangen nesa na Hubble ya hango haidurojin na kwarara daga duniyar HD 209458b, wadda ke kewaya wani tauraro daban.

Kumbon MAVEN ya isa Mas a 2014. Ya auna asarar kimanin giram 100 a daƙiƙa, tana ƙaruwa idan Rana ta yi bori. A 2017 aka gano kusan kashi 65 cikin 100 na iskar argon ta salwanta. An zaɓi argon ne don ba ya haɗuwa da duwatsu, saboda haka sama kawai zai bi.

An saba cewa mutuwar maganaɗisun Mas, wato garkuwar da ke kare ta daga ƙwayoyin da Rana ke fesowa, kimanin shekaru biliyan 4 da suka wuce, ita ta jawo haka. A ganinmu bayanin bai cika ba. Binus ba ta da maganaɗisu na kanta, amma matsin iskarta ya ninka namu kusan sau 90, ita kuwa Duniya mai maganaɗisu tana yoyon iska ta ƙuryar arewa da ta kudu. Ƙanƙantar Mas, mai nauyin da bai wuce kashi 11 cikin 100 na Duniya ba, dole a sa ta a lissafi.