Matsalolin Karkara a Ƙasashe Masu Tasowa

Matsalolin karkara a ƙasashe masu tasowa su ne wahalhalun da suka fi addabar mazauna ƙauyuka a Afirka da Asiya da Latin Amurka: talauci, rashin hanya, ƙarancin ruwan sha da asibiti da makaranta, da tafiyar matasa birni. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa kusan mutum 4 cikin kowane 5 da ke cikin matsanancin talauci a duniya a karkara suke, kuma galibinsu manoma ne.

Nisa da rashin hanya

Idan aka bi diddigin waɗannan matsaloli, yawancinsu kan nisa suke komawa. A 2006 Bankin Duniya ya fito da ma'aunin da ke ƙirga mutanen da ke zaune ƙasa da kilomita 2 daga hanyar da mota ke iya bi rani da damina, ya kuma ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1 ba su da irin wannan hanya.

Abin da ke bayan wannan adadi ya fi shi nauyi. Mace ta fara naƙuda cikin dare, jini ya ɓalle mata, gada kuwa ruwa ya cinye. Kafin a yanke shawarar fita da ita, a samo abin hawa, a isa asibitin da wataƙila ba ma'aikaci a ciki, rai ya yi halinsa. Masana lafiya suna kiran wannan "jinkiri uku": na yanke shawara, na isa asibiti, da na samun kulawa bayan an isa. Wannan nisan ne ke sa malamin da aka tura ƙauye ya nemi canjin wurin aiki, shi ne kuma ke cinye safiyar yarinya a hanyar rijiya lokacin da ya kamata tana aji. Kimanin mutum 8 cikin 10 da ba su da tsabtataccen ruwan sha a kusa mazauna karkara ne, haka ma mafi yawan marasa wutar lantarki.

Noma da bashi

Ƙaramin manomi yakan sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da kaya suka cika kasuwa farashi ya faɗi, domin bashi na binsa kuma ba shi da ma'aji mai kyau. Da bazara sai ya koma ya saye shi da tsada. Dillalin da ke da mota shi ke yanka farashi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kashi 14 cikin 100 na abincin duniya yana lalacewa tsakanin girbi da isa hannun masu sayarwa. Banki kuma ba ya ba da rance ga wanda gonarsa ba ta da takarda. Mata sun fi shan wannan: su ne kusan kashi 43 cikin 100 na masu aikin gona a ƙasashe masu tasowa, amma filin da ke hannunsu kaɗan ne. Yara ma ba su tsira ba, don mafi yawan aikatau da ake sa yara a duniya a harkar noma ne.

Daga nan ƙaura ke farawa. Majiya ƙarfi su tafi ci-rani, wasu su ƙi dawowa, gona ta koma hannun tsofaffi.

Ƙoƙarin magancewa

A 1977 masanin tattalin arziki Michael Lipton ya yaɗa hujjar cewa gwamnatoci suna fifita birni, suna danne farashin abinci don kwantar da hankalin 'yan birni, manomi ya biya. Hujja ce mai ƙarfi, domin mai ƙorafi a ƙofar fadar gwamnati an fi jin muryarsa. A shekarar ce aka kafa asusun IFAD a birnin Rum don tallafa wa noman karkara.

Sakamakon ƙoƙarin ƙasashe ya bambanta. Tanzaniya ta tattara miliyoyin mutane a ƙauyukan Ujamaa, wato ƙauyukan noman haɗin gwiwa, a shekarun 1970, da yawa bisa tilas, noma bai ci gaba ba. Sin kuwa, daga 1978, ta bar iyalai su noma rabonsu su sayar da rarar, talauci ya ragu ƙwarai. Bankin Grameen na Muhammad Yunus, wanda ya zama banki a Bangladash a 1983, ya nuna cewa matan ƙauye suna biyan bashi ko ba jingina. Indiya ta yi doka a 2005 da ta ba kowane gidan karkara haƙƙin aikin kwana 100 a shekara.

A Maputo, a 2003, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Sun sabunta alkawarin a Malabo a 2014, amma ƙasashe ƙalilan ne suka cika shi.