Me ya sa tabbatar da magani ke wuya a lokacin annoba?

Idan an ba majiyyaci magani ya warke, ba hujja ba ce?

A'a. Yawancin waɗanda korona ta kama kan warke ko da ba a ba su komai ba. Likitan da ya ba mutum ashirin magani suka miƙe ba shi da tabbacin maganin ne ya tashe su. Sai an raba majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan, a bar waɗancan kan kulawar da aka saba, sannan a kwatanta.

To me ya hana a yi hakan?

Gaggawa da tsoro. A watan Maris na 2020 wani likita mai suna Didier Raoult ya fitar da bincike daga Marseille ta Faransa yana yabon hydroxychloroquine, wani maganin zazzaɓin cizon sauro, a matsayin maganin korona. Mutum 36 kacal aka lissafa, babu ƙuri'a, kuma an cire shida daga cikin waɗanda suka sha maganin, har da wanda ya rasu da uku da ciwonsu ya tsananta. Duk da haka Amurka ta ba da izinin gaggawa, ba ta janye ba sai watan Yuni. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba: wanda ya ji an ce ga magani, da wuya ya yarda ƙuri'a ta hana shi.

Manyan mujallu ba sa tacewa ne?

Suna yi, amma su ma an shammace su. A watan Mayu Lancet ta buga binciken da ya ce ya duba majiyyata 96,000 ya gano hydroxychloroquine na ƙara haɗarin mutuwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta dakatar da gwajin maganin. Cikin mako biyu aka janye shi, domin kamfanin Surgisphere da ya samar da alƙaluman ya ƙi bari a duba su.

Ita annobar tana jiran masu bincike?

Ina! Gwajin maganin remdesivir a Wuhan ta China ya nemi mutum 453, ya samu 237, cutar ta lafa, aka tashi babu amsa. Haka gwajin maganin ZMapp lokacin Ebola a Afirka ta Yamma: an nemi 200, aka samu 72.

Akwai wanda ya dace?

Gwajin RECOVERY na Birtaniya, ƙarƙashin Jami'ar Oxford. A ganina sauƙinsa ne ya cece shi: takardar cikewa gajera ce, asibitoci fiye da 170 suka bi tsari ɗaya. A watan Yuni ya nuna hydroxychloroquine ba ya rage mutuwa, sannan dexamethasone, tsohon magani mai araha, yana rage ta da kashi ɗaya bisa uku ga masu numfashi da na'ura.