Zaɓen 1882 a Norway: yadda majalisa ta ƙwace ikon naɗa gwamnati daga hannun sarki

Wa ke mulkin Norway a lokacin?

Daga 1814 zuwa 1905 Norway da Sweden sarki ɗaya suke da shi, kuma a 1882 Oscar II ne a kan karaga. Norway na da majalisarta, Storting, amma sarki ke naɗa ministoci, kuma ba sa ko shiga zauren majalisa.

To me ya haɗa rigimar?

Kujerar ministoci a majalisa ce. 'Yan majalisa sun ce dole ministoci su riƙa zuwa suna amsa tambayoyi. Sun amince da gyaran tsarin mulki a 1874 da 1877 da 1880, duk sarki ya ƙi sa hannu. Ranar 9 ga Yuni 1880 majalisa ta ce gyaran ya zama doka ko sarki ya so ko ya ƙi. Gwamnati ta yi kunnen uwar shegu. Daga nan ne zaɓen 1882 ya zama hanyar raba gardama.

Su wa suka yi zaɓen?

Maza masu shekara 25 zuwa sama da ke da gona ko gida ko muƙamin gwamnati. Su ma wakilai suke zaɓa, wakilan su zaɓi ɗan majalisa. Leburori da barori ba su samu ƙuri'a ba sai 1898, mata kuwa ba duka suka samu ba sai 1913.

Yaya sakamakon ya kasance?

Ɓangaren Venstre na Johan Sverdrup, wanda manoma da malaman makaranta suka rufa wa baya, ya ci kujeru 83 cikin 114. Masu goyon bayan sarki suka tashi da 31.

Me ya sa wannan rinjaye ya yi nauyi haka?

A nan dabarar take, kuma ita ce ta fi burge ni. A lokacin, kotun tsige ministoci, Riksrett, ta ƙunshi alƙalan Kotun Ƙoli da 'yan Lagting, wato kashi ɗaya bisa huɗu na majalisa. Da rinjayen 83, Venstre ta cika Lagting da mutanenta, kuma ta rage isassu a ɗaya zauren, Odelsting, da za su shigar da ƙara. Shari'a ta fara a 1883. Ranar 27 ga Fabrairu 1884 aka tsige Firaminista Christian Selmer, yawancin ministocinsa suka bi sahu.

Sarki ya miƙa wuya nan take?

A'a. Ya gwada wata gwamnati ƙarƙashin Christian Schweigaard, ba ta yi wata uku ba. A watan Yuni 1884 ya kira Sverdrup ya kafa gwamnati, ministoci suka fara zama a zauren Storting.