Karen da ke haushi a bayan zomo cikin dare: tambayoyi da amsoshi

A karkarar Ingila da Wales da Ayalan, da zarar an kwashe amfanin gona dare ya fara tsawo, wasu mutane kan ɗauki fitila da kare su shiga filaye neman zomo. A wurinsu babu aibin da ya kai kare ya buɗe baki yana haushi alhali yana kan gudu.

Wane irin kare ne wannan?

Laca suke ce masa, kuma ruwa biyu ne. Ana haɗa kare mai farauta da ido da gudu, irin su girehawun ko wifet ko saluki, da wani karen aiki: koli mai kiwon tumaki idan ana son basira da jin magana, ko teriya, ƙaramin kare mai shiga rami, idan ana son zuciya da naci. Girehawun yakan kusa kilomita 70 a awa idan ya miƙe, sai dai ba ya jimrin wahala. Laca ya rage gudu kaɗan, ya ƙaru da ƙwari da wayo.

Yaya farautar take?

Daren da suke so shi ne mai duhu, babu farin wata, iska na kaɗawa. Mafarauci yana tafe iskar na bugun fuskarsa don kada zomo ya sansano shi, karen na gefensa da igiyar da aka zura masa a wuya, wadda sakin baki ɗaya ya isa ta zame. Sai ya kunna fitila mai ƙarfi ya share filin da ita. Idon zomo ya yi ja a cikin hasken. Ya saki igiya, kare ya bi hasken a guje, cikin 'yan daƙiƙoƙi ko ya kama ko ya rasa. Karen da ya horu yakan dawo da zomon har hannun mai shi, a kashe fitila, a ci gaba.

Zomon Turai ba irin na dajinmu ba ne mai kwana a fili. Ramuka yake haƙa, gungu-gungu, yawanci a gindin shingen gona, da dare ne yake yin nisa da su wajen kiwo. Tazarar da ke tsakanin zomo da raminsa ita ce duk damar da kare yake da ita.

Ai a wurinmu da kiɗa da ihu ake fita farauta. Me haushi ya ɓata?

Waccan farautar kora ce, ana son dabba ta tashi. Wannan ta saɗaɗe ce. Fili ɗaya yana iya ɗauke da zomaye da yawa suna kiwo, idan kare ya yi gudunsa shiru, sauran sukan lafe a inda suke, a sake samun gudu na biyu da na uku. Amma haushi ɗaya ya isa: kawuna su ɗago, wani ya buga ƙafar baya a ƙasa, wanda shi ne gargaɗinsu, kowa ya nufi rami. Kafin a sake haska filin ya zama wayam, har da na gaba da shi. Ga karnukan gidajen gona da za su amsa, ga manomin da za a tasa daga barci.

Akwai kuma tarihi. A 1389, zamanin Sarki Richard na Biyu na Ingila, doka ta hana wanda filayensa ba sa ba shi sule 40 a shekara ya ajiye karen farauta. Dokar farautar sata ta dare ta 1828 ta tanadi cewa wanda aka kama karo na uku ana iya kora shi ƙetaren teku shekara bakwai. A wancan zamani laca karen talaka ne mai neman nama a gandun masu filaye, kuma karen da ya yi haushi ya tona asirin ubangidansa ga mai gadi. Shi ya sa aka daɗe ana zaɓen masu shiru ana haɗa iri da su.

To me ke sa wani ya yi haushin?

Mafi yawa takaici ne. Zomo bai kai laca gudu ba, amma ya fi shi iya kwana. Kare ya iso ya buɗe baki zai cafka, zomo ya karkace, kare ya zarce. Ya juyo ya sake isowa, zomo ya sake karkacewa, ga shinge na matsowa. A daidai nan za a ji wata siririyar ƙara, kyak-kyak, daban da haushin gadin gida. Kare ne yake ganin abin da yake so a gaban hancinsa ya kasa kai baki.

Kuma a ganina yawancin laifin na mai karen ne. Mutum ya samu kwikwiyo ɗan wata bakwai ko takwas, ya ga ƙafafu sun yi tsawo, ya ƙosa ya gwada shi. Ƙashi bai gama ƙwari ba, bai san yadda ake karanta kwanar zomo ba, sai a sake shi a kan wanda ke nesa ko wanda ke dab da rami. Ya rasa, a sake sakinsa, ya sake rasawa. Dare biyu ko uku a haka, baki ya buɗe. Haka ma babban karen da ya kwashe watannin zafi a kwance, aka fito da shi ba tare da an sa shi motsa jiki ba, ko wanda aka yi ta sakinsa bayan ya gaji. Zomayen da aka saba haskawa ma suna jawo haka, domin da ganin fitila suke tashi, ba sa ba kare dama.

Sakin karnuka biyu a kan zomo ɗaya yana ƙara abin: na baya yana ganin ɗan'uwansa zai riga shi, sai ya yi ƙara. Banda haka ma hatsari ne, karnuka biyu a guje cikin duhu suna iya karo. Ƙaramin kare kuma yakan kwaikwayi babba mai haushi.

Babu ruwan jini ke nan?

Da ruwansa. Karnukan da ke bin sawu da hanci, kamar bigul, da gangan aka raine su su riƙa kuka don mafarauci ya san inda suke. Teriya ma aikinta ne ta yi haushi a cikin rami. Laca mai irin wannan jini ya fi saurin buɗe baki, kuma masu kiwo suna gudun haɗa iri da karen da aka san shi da haka. Duk da haka 'yan ciki ɗaya sukan bambanta, gwargwadon hannun da kowanne ya faɗa.

Doka ta yarda da wannan farautar?

A Ingila da Wales, dokar 2004 ta hana farautar namun daji da karnuka, amma ta cire ɓera da zomon rami, muddin mai filin ya ba da izini. Babban zomon fili mai dogayen kunnuwa ba ya cikin waɗanda aka cire. Sukotland ta tsaurara tata dokar a 2023, ta sa zomon rami ma a cikin waɗanda aka kare.

Idan kare ya riga ya fara, yana dainawa?

Idan an lura da wuri, akwai fata. A ajiye fitila na wasu makonni, a gina masa jiki da tafiya da gudu, sannan a dawo da shi shi kaɗai. A zaɓa masa zomon da ya lafe a tsakiyar fili nesa da shinge, a matsa kusa sosai kafin a sake shi, ya kama ɗaya ko biyu a koma gida tun bai gaji ba. Masu haƙuri ma ba sa fara haska wa kare sai ya kai shekara, mai jinin saluki yakan buƙaci fiye da haka.

Duka ba ya magani. Kafin kare ya dawo wurinka gudun ya wuce, abin da zai fahimta kawai shi ne dawowar ce ta jawo masa duka, sai ya daina kawo zomo.

Wanda abin ya zama masa jiki kuwa da wuya ya bari. Irinsa ana mayar da shi aikin rana: a shimfiɗa raga a bakin ramuka, a tura feret, wata 'yar dabba mai kama da tunku, ta koro zomayen waje, kare ya tare wanda ya kuɓuce wa raga. Gudun gajere ne, kuma zomayen suna ƙarƙashin ƙasa tun farko, haushinsa ba zai kore su ko'ina ba.