Northern Dancer

Northern Dancer ingarman tsere ne na ƙasar Kanada, daga jinsin dawakin Thoroughbred, wanda aka haifa ranar 27 ga Mayu 1961, ya mutu ranar 16 ga Nuwamba 1990. Shi ne doki na farko haifaffen Kanada da ya ci gasar Kentucky Derby a Amurka. Fagen sukuwa bai riƙe shi ba sai wata goma sha ɗaya kacal, amma shekaru ashirin da biyun da ya yi yana barbara sun sa masana kiwon dawaki da dama suna ɗaukarsa ingarman da ya fi kowanne tasiri a ƙarni na 20, domin a yau da wuya a buɗe takardar asalin wani babban dokin tsere a Turai, Amurka, Japan ko Ostireliya ba a ci karo da sunansa ba.

Asali da haihuwa

An haife shi a gonar Windfields da ke Oshawa a lardin Ontario, mallakar attajiri Edward Plunket Taylor, wanda ya daɗe yana son nuna wa duniya cewa ƙasa mai tsananin sanyi kamar Kanada za ta iya fitar da dawakin da za su kara da na Kentucky. A 1952 Taylor ya sayi wata goɗiya mai suna Lady Angela a gwanjon Newmarket na Ingila, ya kuma sa aka sake kai ta wurin Nearco kafin a ɗauko ta a jirgin ruwa. Nearco shi ne dokin Italiya da Federico Tesio ya kiwata, wanda ya yi tsere 14 ba a taɓa wuce shi ba. Cikin da Lady Angela ta ƙetare teku da shi ya zama Nearctic, uban Northern Dancer.

Uwarsa Natalma 'yar Native Dancer ce, fitaccen dokin Amurka, kuma Taylor ya saye ta a gwanjon Saratoga a 1958. Ana shirya ta don gasar Kentucky Oaks ta 1960 sai ta ji rauni a gwiwa, aka janye ta daga tsere, aka kai ta wurin Nearctic a ƙarshen lokacin barbara na shekarar. Wannan jinkirin ne ya sa ɗanta ya zo duniya a ƙarshen Mayu. Abin yana da muhimmanci, saboda a ƙa'idar tseren dawaki na arewacin duniya kowane doki yana ƙara shekara ne ranar 1 ga Janairu, ko da wace rana aka haife shi, don haka dukushin Mayu yana karawa ne da tsararrakin da suka girme shi da wata uku ko huɗu.

Ja ne mai duhu, geza da wutsiya baƙaƙe, da farin zane a fuska da fari a ƙafafu uku. Gajere ne ƙwarai a ma'aunin jinsinsa, tsayinsa bai wuce kimanin santimita 155 a kafaɗa ba ko da ya gama girma, sai dai yana da faɗin ƙirji da ƙaƙƙarfan ƙugu. A 1962 Windfields ta fitar da shi kasuwa tare da sauran 'yan shekara ɗaya a kan dala 25,000. Masu saye suka dube shi suka wuce, ya koma bargar mai shi. Mai horar da shi, Horatio Luro ɗan Ajantina, ya sha fama da taurin kansa har ya ba da shawarar a fiɗiye shi don ya natsu, Taylor ya ƙi. Da an bi shawarar nan, da tarihin kiwon dawakin tsere ya bi wata hanya dabam.

Fagen tsere

Ya fara fita ranar 2 ga Agusta 1963 a filin Fort Erie, Ron Turcotte a kansa, wanda a lokacin ɗan koyo ne, shekaru goma kafin ya yi suna a kan shahararren dokin Amurka Secretariat. Ya ci wannan tseren. A shekarar ya fita sau tara, ya ci bakwai, ya zo na biyu sau biyu, kuma cikin nasarorin akwai Summer Stakes da Coronation Futurity a Kanada da Remsen Stakes a New York. A ƙarshen shekarar kofatonsa na gaba ya tsage, irin tsagewar da kan zaunar da doki watanni. Aka yi masa wani sabon salon faci da ya riƙe kofaton, ya samu ya koma kilisa da wuri.

A farkon 1964 aka kai shi Florida. Ya zo na uku a fitarsa ta farko, sannan ya ci Flamingo Stakes da Florida Derby a ƙarƙashin Bill Shoemaker. Duk da haka Shoemaker ya sauka daga kansa ya zaɓi Hill Rise, dogon doki daga California wanda yawancin mutane suke ganin shi zai ci Derby. Aka ba Bill Hartack linzami, suka fara da cin Blue Grass Stakes a Keeneland.

Ranar 2 ga Mayu 1964 aka yi Kentucky Derby a Churchill Downs, tazarar mil ɗaya da kwata. Hartack ya riƙe dokin a bayan na gaba har suka doshi kwanar ƙarshe, sai ya fitar da shi ta wata 'yar kafa kafin Shoemaker ya motsa, ya buɗe tazara. A miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshe Hill Rise ya taho da dogon takunsa yana cin tazarar kaɗan-kaɗan, gajeren kuma yana ta sauri da gajerun taku bai sassauta ba, har suka ƙetare layi Northern Dancer na gaba da tsawon wuya. Agogo ya nuna minti biyu cif, lokacin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar, kuma bai faɗi ba sai a 1973 a ƙafar Secretariat. A ranar, bisa kwanan haihuwarsa na gaskiya, bai ma cika shekara uku ba.

Makonni biyu bayan haka ya ci Preakness Stakes a Pimlico da tsawon doki biyu da ɗoriya, Hill Rise ya zo na uku. Saura Belmont Stakes ya haɗa manyan gasanni uku na Amurka, amma a tazarar mil ɗaya da rabi ya ƙare na uku a bayan Quadrangle da Roman Brother. Ya koma gida ya ci Queen's Plate a Woodbine ranar 20 ga Yuni da tsawon doki bakwai da rabi, a gaban jama'ar da suka riga suka mai da shi gwarzon ƙasa. Wannan ce fitarsa ta ƙarshe, domin jijiyar ƙafarsa ta gaba ta samu rauni, aka sauke masa sirdi.

Jimillar tserensa 18 ne: nasara 14, na biyu sau biyu, na uku sau biyu, wato bai taɓa ƙarewa ƙasa da na uku ba, ya kuma tara fiye da dala 580,000. An zaɓe shi zakaran 'yan shekara uku na Amurka da dokin shekara na Kanada a 1964, kuma a 1965 ya zama dabba ta farko da aka shigar zauren girmama 'yan wasan Kanada.

Shekarun barbara

Ya fara barbara a Oshawa a 1965 a kan dala 10,000 kowace goɗiya. Rukunin 'ya'yansa na farko ya fitar da Viceregal, dokin shekara na Kanada a 1968, amma rukuni na biyu ne ya sauya komai. A 1968 mai horar da dawaki na Ireland, Vincent O'Brien, ya je Windfields duba wani ɗan ingarma Ribot a madadin attajirin Amurka Charles Engelhard. Wanda aka aike shi dubawa bai kwanta masa a rai ba, idonsa ya faɗa kan wani dogon dukushi ɗan Northern Dancer, ya ba da shawara aka saye shi a kan dala 84,000. Wannan shi ne Nijinsky, wanda a 1970, Lester Piggott a kansa, ya ci 2000 Guineas da Derby na Epsom da St Leger. Tun Bahram a 1935 ba a samu mai haɗa waɗannan uku ba, kuma har yau ba a sake samu ba.

Muhimmancin Nijinsky ya wuce kofunan da ya ɗauka. Northern Dancer ya yi sunansa ne a kan filayen ƙasa na Amurka, ga shi ɗansa ya mamaye filayen ciyawa na Turai masu hawa da gangara. Abin da yake gadar wa 'ya'yansa, wato daidaiton jiki, zafin nama da iya ƙara wuta farat ɗaya a ƙarshen tsere, shi ne ainihin abin da tseren Turai yake bukata. A lokacin an riga an mayar da shi reshen Windfields na jihar Maryland don ya kusanci manyan goɗiyoyin Amurka, kuma a 1970 aka raba mallakarsa kaso 32 a kan jimillar dala miliyan 2.4.

Daga tsakiyar shekarun 1970 O'Brien ya haɗa kai da Robert Sangster da John Magnier, suka riƙa zuwa gwanjon Keeneland suna kwashe 'ya'yansa maza, su yi tsere da su a Turai, waɗanda suka yi fice kuma su zama ingarmun barbara masu tsada. Gonar Coolmore ta Ireland a kan wannan dabara ta ginu. The Minstrel, wanda suka saya dala 200,000, ya ci Derby na Epsom da na Ireland da King George a 1977. Da 'yan gidan Maktoum na Dubai suka shigo kasuwar, sai farashi ya haukace. A 1983 Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum ya biya dala miliyan 10.2 a kan ɗan shekara ɗaya da aka sa wa suna Snaafi Dancer, wanda bai taɓa fita tsere ba, a barbara ma bai yi abin kirki ba. A 1985 jikansa Seattle Dancer, ɗan Nijinsky, ya kai dala miliyan 13.1. Kuɗin kai goɗiya wurin Northern Dancer kansa ya taɓa dala miliyan ɗaya, ba tare da lamunin za ta ɗauki ciki ba. A 1981, yana ɗan shekara ashirin, an taya shi dala miliyan 40, masu kaso suka ƙi sallamawa.

Derby na Epsom na 1984 ya nuna iyakar wannan mamaya a fili. 'Ya'yansa biyu ne suka ƙetare layi kusan kai ɗaya: Secreto, wanda David O'Brien ya horar, ya wuce El Gran Senor na mahaifinsa Vincent da ɗan abin da bai kai tsawon kai ba. Northern Dancer ya zama zakaran ingarmu na Birtaniya da Ireland sau huɗu, a 1970, 1977, 1983 da 1984, alhali bai taɓa taka ƙasar Turai ba, ya kuma riƙe matsayin a Arewacin Amurka a 1971.

'Ya'yansa masu rajista 645 ne, 411 daga ciki sun ci tsere, 147 kuma sun ci manyan gasanni. Ya kamata a auna wannan da yanayin zamaninsa. Dokar jinsin Thoroughbred ba ta yarda da ɗura maniyyi ba, dole ingarma ya hau goɗiya da kansa, kuma a lokacin ba a cika ba shi fiye da goɗiyoyi arba'in a shekara ba, yayin da ingarmun yau sukan haura ɗari da hamsin. Da 'ya'ya kaɗan ya yi wannan aiki, kusan ɗaya cikin kowane huɗu ko biyar ya zama na sahun gaba.

Rassan zuriyarsa

Dawaki da yawa sun haifi zakaru. Abin da ya ware Northern Dancer shi ne 'ya'yansa maza sun zama manyan iyaye su ma, kowanne ya kafa gidansa. Sadler's Wells, haifaffen 1981, ya zama zakaran ingarmu na Birtaniya da Ireland sau 14, ya haifi Montjeu da Galileo, Galileo kuma ya riƙe kambun sau 12 ya haifi Frankel, wanda ya yi tsere 14 ba a wuce shi ba. Danzig sau uku kawai ya fita tsere kafin ciwon gwiwa ya tsayar da shi, amma ya jagoranci ingarmun Amurka shekara uku a jere daga 1991, ta hannun ɗansa Danehill kuma jinin ya mamaye Ostireliya. Lyphard ya haifi Dancing Brave, Nureyev ya haifi Miesque da Peintre Celebre, Storm Bird ya haifi Storm Cat, wanda daga layinsa Justify ya fito ya haɗa manyan gasanni uku na Amurka a 2018. Northern Taste, wanda Zenya Yoshida ya kai gonar Shadai, ya shafe shekaru yana kan gaba a Japan. A gida Kanada, Vice Regent ya haifi Deputy Minister, Fanfreluche, 'yar Northern Dancer, kuma ta zama dokin shekara a 1970.

Wannan yaɗuwa tana da nata nauyin. Dukan dawakin Thoroughbred dama daga ingarmu uku suka fito ta wajen uba, Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian, kuma Northern Dancer na layin Darley Arabian ne ta hanyar Eclipse da Phalaris da Nearco. Da kasuwa ta karkata ga gida ɗaya, sai masu kiwo suka riƙa haɗa jikokinsa da jikokinsa. Frankel misali ne na kusa, domin ubansa jikan Northern Dancer ne ta Sadler's Wells, uwarsa kuma 'yar Danehill ce. Wani binciken ƙwayoyin gado da masana a Ireland suka wallafa a 2020 ya nuna cewa kusancin jini a jinsin yana ta ƙaruwa tun shekarun 1970, kuma kashi 97 cikin ɗari na dawakin da aka duba suna da Northern Dancer a asalinsu. Damuwar masu kiwo a nan ta gaskiya ce, domin samun goɗiya ko ingarma mai daraja wanda ba shi da wannan jini ya zama abu mai wuya.

Ƙarshen rayuwa

An dakatar da shi daga barbara a 1987, yana da shekara 26, ya ci gaba da zama a Maryland. Ranar 16 ga Nuwamba 1990 matsanancin ciwon ciki ya kama shi, likitoci suka ga tiyata ba za ta yiwu ba a shekarunsa, aka yi masa allurar da ta kawo ƙarshen wahalarsa, shekara ɗaya bayan rasuwar Taylor. An ɗauki gawarsa a mota zuwa Oshawa, aka binne shi a Windfields kusa da bargar da aka haife shi. Tun 1976 yana cikin zaurukan girmama dawakin tsere na Kanada da na Amurka, hukumar gidan waya ta Kanada ta buga hotonsa a jikin kan sarkin wasiƙa a 1999, kuma mutum-mutuminsa na tagulla yana tsaye a filin Woodbine. Gonar Windfields ta rufe a 2009, wani ɓangaren filinta ya koma hannun jami'ar da ke maƙwabtaka da ita, amma an bar kabarinsa a inda yake.