Karatun da ake bukata kafin samun lasisin dillancin gidaje a Amurka: tambayoyi da amsoshi

Sai mutum ya yi digiri kafin ya zama dillalin gidaje da filaye?

A'a. A matakin farko ba a neman digiri. Abin da ake nema shi ne kwas na musamman da hukumar jiha ta amince da shi, sai jarrabawa. Gwamnatin tarayya ba ta ba da wannan lasisi, kowace jiha da hukumarta da sharuɗɗanta. Fulorida na neman takardar kammala sakandare ko makamanciyarta, Kalifoniya kuwa ba ta nema. Shekara 18 ce mafi ƙaranci a yawancin jihohi, amma a Alabama da Alaska da Nebraska sai an kai 19.

Awa nawa ake yi a kwas ɗin?

Nan ne tazarar take da faɗi. Michigan da Massachusetts awa 40 suke nema, Fulorida 63, New York 77, Kalifoniya 135, Teksas kuma 180. A Kalifoniya an kasa karatun gida uku, kowanne awa 45: tushen ilimin harkar gidaje, yadda ake gudanar da aikin, sai darasi ɗaya da ɗalibi zai zaɓa. A Teksas darussa shida ne masu awa 30, biyu daga ciki a kan kwantiragi kaɗai, ɗaya kan dokarsa, ɗaya kan fom-fom ɗin da hukumar jihar ta tsara.

Lauyan da ke da rajista a Fulorida ko Kalifoniya an ɗauke masa kwas ɗin a jiharsa, amma jarrabawa tana nan daram.

Me ake koyarwa?

Doka ce ta fi yawa, kuma wannan kan ba sababbin shiga mamaki, domin sun zo da tunanin za a koya musu iya ciniki. Babban jigo shi ne wakilci: wa kake yi wa aiki, mai sayarwa ko mai saye, kuma wane haƙƙi ya hau kanka? Idan mai gida ya gaya wa dillalinsa mafi ƙarancin kuɗin da zai sallama, wannan sirri ne, bai halatta ya kai kunnen mai saye ba. Idan kuma dillalin ya san ruwa na shiga ƙarƙashin ginin, wannan aibi ne da ba a ɓoyewa. Rarrabe waɗannan biyu shi ne rabin aikin, kuma a kansa ake yawan kai ƙara kotu.

Akwai nau'o'in mallaka, takardun gida, bashin sayen gida da kuɗin ruwansa, da hanyoyin ƙiyasta darajar kadara. Akwai kuma dokar tarayya ta 1968 da ta haramta nuna bambanci a harkar gidaje saboda launin fata ko addini ko asalin ƙasa; a 1974 aka ƙara jinsi, a 1988 aka ƙara nakasa da kasancewar yara a iyali. Dillalin da ya riƙa karkata wasu mutane zuwa wata unguwa don yana ganin “can ne wajen irinsu” ya karya doka, ko da a ransa taimako yake yi.

Lissafin da ake koyarwa ba mai zurfi ba ne, sai dai yana kayar da mai gaggawa. A haddace cewa eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce. A iya raba harajin gida tsakanin mai sayarwa da mai saye: idan harajin shekara dala 3,600 ne, aka kammala ciniki a ƙarshen Afrilu, wata huɗu ne a wuyan mai sayarwa, wato dala 1,200.

Ana iya yi ta intanet?

Ana iyawa a yawancin jihohi. Kafin a biya ko sisi, a duba sunan makarantar a shafin hukumar jihar da ake son yin aiki. Kwas ɗin da aka amince da shi a wata jiha ba lallai ya yi amfani a maƙwabciyarta ba. A lura da wa'adi kuma: takardar kammala kwas a Fulorida shekara biyu take yi, idan ta wuce ba a ci jarrabawa ba, sai a sake karatun daga farko.

Yaya jarrabawar take?

Tambayoyi ne na zaɓi amsa ɗaya. A Kalifoniya guda 150 ne cikin awa uku, ana neman kashi 70 cikin ɗari. A Fulorida guda 100 ne, sai an ci 75. Jihohi da dama sun raba ta biyu, ɓangaren ƙasa baki ɗaya da ɓangaren dokokin jiha, kuma ɓangaren jihar ne ya fi buƙatar hadda, tunda cike yake da wa'adodi da tara da ƙa'idojin ajiye kuɗin kafin alƙalami. A Teksas wanda ya faɗi sau uku sai ya ƙara awa 30 na karatu a kan kowane ɓangaren da ya faɗi kafin ya sake zama.

Da an ci jarrabawa sai a fara aiki?

Tukuna. A yawancin jihohi ana ɗaukar hoton yatsu a binciki tarihin mutum. Tsohon laifi ba kullum yake hana lasisi ba, amma ɓoye shi a fom ya fi laifin kansa illa. Sannan sabon dillali ba ya cin gashin kansa: dole ya kasance ƙarƙashin babban dillali mai lasisi, ta hannunsa ake ƙulla ciniki, ta hannunsa la'ada ke fitowa.

Karatu ya ƙare ke nan?

Nan ne mutane suka fi sakaci. A Fulorida akwai ƙarin awa 45 da dole a kammala kafin sabunta lasisi na farko. Wanda ya bari lokaci ya ƙure, lasisinsa ya mutu, sai ya koma ya sake kwas ɗin awa 63 da jarrabawa. Teksas na neman ƙarin awa 90 kafin sabuntawar farko. Bayan nan sai karatun sabuntawa: awa 14 duk shekara biyu a Fulorida, 18 a Teksas, 22 da rabi a New York, a Kalifoniya kuma 45 duk shekara huɗu.

Zama babban dillali fa?

Sai an haɗa da gogewa. Fulorida na neman wata 24 na aiki cikin shekara biyar da suka gabata, da kwas na awa 72. Kalifoniya na neman shekara biyu na cikakken aiki da darussa takwas. Jarrabawar babban dillali daban take.

Shin Realtor wani lasisi ne?

Ba lasisi ba ne. Suna ne mai rajista na mambobin ƙungiyar National Association of Realtors, wadda aka kafa a 1908. Sai an samu lasisin jiha ake shiga.

Lasisin wata jiha yana aiki a wata?

Ba kai tsaye ba. Fulorida na da yarjejeniya da wasu jihohi, inda dillali zai zauna gajeriyar jarrabawa mai tambaya 40 kan dokokinta, ya ci 30. Kalifoniya ba ta da irin wannan yarjejeniya da kowace jiha, duk wanda ya zo sai ya cika sharuɗɗan karatunta ya zauna jarrabawar gaba ɗaya.